Zaɓuka Bakwai na Mista Petherick

Amamata tana jera buhunan garin rogo a shagonta na Deptford ranar wata Talata da hantsi, Juliana ta shigo riƙe da farar ambulan. Juliana ita ce mai kula da ofishin Roland Petherick, ɗan majalisar mazaɓarsu, wanda ya shekara ashirin da biyar a kan kujerar, ya kuma yi minista har sau biyu.

"Mama, za a yi masa taron cika shekara ashirin da biyar a majalisa," in ji ta da Turanci. "Shi da bakinsa ya ce ke za ki karanta tarihin zaɓukansa. Ga shi mun rubuto miki."

Amamata ta goge hannu da zaninta kafin ta karɓa. Ta ji daɗi har cikin ranta, ba ta ma iya ɓoyewa ba.

Ita 'yar zangon Kumasi ce. Ta iso Landan da ƙuruciyarta, ta yi shara a ofisoshi shekara shida kafin ta buɗe shago. Saninta da Petherick ya fara ne tun yana kansila. A lokacin flat ɗin, wato gidan hayar da council, ƙaramar hukumarsu, ta ba su, bangonsa kullum a jiƙe yake, 'yarta Sherifa kuwa jaririya ce, ƙirjinta na ƙara kamar tsohuwar fanka. Amamata ta goya ta, ta je ofishinsa ta yi masa bayani. Ya rubuta wasiƙa guda, cikin wata biyu aka sauya musu gida. Daga ranar ta zama tasa.

Da ya fito takarar majalisa karon farko, ita ta bi 'yan Ghana da 'yan Najeriya gida gida tana ƙwanƙwasa ƙofa, cikin ruwan sama, da lema mai karyayyen hannu. Mijinta Masawudu ya ajiye aikin tasi yini guda yana kai tsofaffi rumfar zaɓe. Petherick ya ci da ratar ƙuri'a ɗari huɗu da sha biyu. Amamata ta san da yawa daga cikin masu ƙuri'un nan da sunansu, har da lambar gidansu. Kowace Sallah kuma sai ta dafa shinkafa da wake irin na gida, da yaji da soyayyen kifi, ta cika kula ta kai ofishinsa.

Ranar Lahadi Sherifa ta zo daga Thamesmead, inda take zaune da mijinta. Malamar lissafi ce a sakandare. Tana jin Hausa sarai, amma rabin amsarta da Turanci take fitowa. Amamata ta miƙa mata takardar don ta koya mata inda za ta tsaya ta ja numfashi.

Sherifa ta karanta a bayyane. Zaɓe na farko, rata ɗari huɗu da sha biyu. Na biyu, dubu uku. Na uku, dubu ɗaya da ɗari tara. Haka har na bakwai, da ya ci da ratar dubu goma sha ɗaya. Sai ta juya takardar ta duba bayanta.

"Mma, akwai abin da suka cire. Ba sau biyu ya nemi shugabancin jam'iyya ba?"

"Sau biyu. Na biyun har azumi na yi masa."

"To babu ko ɗaya a nan."

"Wataƙila an manta. Duba min a waya mu sa. Faɗuwa ai ba abin kunya ba ce."

Sherifa ta duba. Karo na farko an cire shi tun zagayen farko, da ƙuri'ar 'yan majalisa goma sha ɗaya. Karo na biyu, shekara shida da suka wuce, ya kai zagayen ƙarshe, 'ya'yan jam'iyya suka ba shi kashi talatin da takwas cikin ɗari, abokiyar takararsa ta lashe. A ƙarƙashin sakamakon akwai bidiyon wani jawabi da ya yi a lokacin kamfe ɗin, a wani gari can arewacin Ingila. Sherifa ta danna don kawai ta ji muryarsa.

Yana tsaye a gaban cikakken zaure, ya naɗe hannun riga. Yana magana a kan baƙi da gidajen council. Ya ce zai ba su labarin wata mata a mazaɓarsa. Ta zo masa da jaririya a ɗaure a baya, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, amma ta san kalmar flat. Sai ya karkatar da baki ya kwaikwayi muryarta, yana tafa hannu yana rusunawa. Zauren ya fashe da dariya. Ya jira dariyar ta lafa, ya ce shi ma a lokacin yaro ne, tausayi ya ɗebe shi ya sa ta tsallake layi, alhali 'yan ƙasa suna jira. Ya ce har yau matar tana biyansa da wata irin shinkafa a kula sau biyu a shekara, kuma ma'aikatansa sun san kwandon da ake juye ta.

Sherifa ta kashe wayar. Masawudu, da ke zaune a gefe yana gyara carbinsa da ya tsinke, ya ɗago kai.

"Mai da shi baya," in ji Amamata.

"Mma, don't."

"Na ce mai da shi."

Ta kalla sau uku. A na ukun ba maganarsa take ji ba, bakinsa take kallo, yadda leɓensa na ƙasa ke sheƙi da yawu idan ya jira dariya.  Ta tashi ta shiga bayi ta kuskure baki, ta daɗe tsaye a kan famfo. Turancin da ya ce ba ta da shi, da shi ta gama sakandare a Kumasi. Da shi ta yi masa bayanin ƙirjin Sherifa, har ya ce ya fahimta, ya miƙa mata tishu.

"Ba za ki je taron nan ba," Masawudu ya ce da ta dawo. "Ki kira su ki ce an yi cancel daga wajenki, shi ke nan."

"Zan je, Alhaji."

"Ki je ki yi me? Mutanen nan ba su da kunya. Ke za ki ji ciwo."

"Sun ce in karanta tarihin zaɓensa. Zan karanta shi duka."

An yi taron ranar Asabar da la'asar a wani ɗakin taro kusa da kogi. Mutum kusan ɗari biyu: kansiloli, 'yan jam'iyya, limamai biyu, fasto, da matan zango da Amamata ta gayyato tun kafin ta ga bidiyon, sun sha leshi da gwaggwaro. Petherick yana teburin gaba. Ya yi ƙiba, gashinsa ya yi fari tas. Da ya hango ta ya ware hannu ya ce, "Mama Amata!" Shekara ashirin da biyar bai taɓa faɗin sunanta daidai ba, sai ranar ta lura.

Kafin a kira ta, ta tari Juliana a bakin kicin.

"'Yata, zan tambaye ki abu ɗaya. Abincin da nake kawowa da Sallah, wa yake zubarwa?"

Fuskar Juliana ta sauya. Ta duba hagu da dama.

"Mama, wa ya gaya miki... Ai wani lokacin muna ci. Ni ina son kifin."

"Na gode. Kin amsa."

Da aka kira sunanta ta hau dandamali, ta sa tabarau. Ta dafa tebur. Ta karanta zaɓukan bakwai ɗaya bayan ɗaya da Turancinta mai tsabta, ana tafi bayan kowace lamba. Da ta gama na bakwai aka fara miƙewa, sai ta ɗaga hannu.

"Saura biyu da ba a rubuta ba. Ya nemi shugabancin jam'iyya, ya samu ƙuri'a goma sha ɗaya. Ya sake nema, ya samu kashi talatin da takwas. A karo na biyun ya ba wasu mutane labarin wata mata mai goyo da ba ta jin Turanci, suka yi dariya. Ni ce matar. Jaririyar ga ta can zaune, malama ce. Na ƙwanƙwasa masa ƙofa a zaɓe bakwai. Ya sayar da ni a zaure guda, kuma ko da hakan bai ci ba."

Ɗakin ya yi tsit. Wani kansila ya sunkuyar da kai. Matan zango da ba su ji duka ba suna tambayar na kusa da su. Amamata ta juya ta kalli Petherick. A ranta ta shirya wa abu biyu: ko ya musa, ko ya ba da haƙuri. Ta ma yanke cewa idan ya ba da haƙuri a gaban jama'a za ta karɓa.

 Sai Petherick ya miƙe yana tafi a hankali, yana girgiza kai kamar wanda aka karanta wa waƙar yabo. Ya hau dandamali, ya karɓe makirufo daga hannunta.

"Kun ga dalilin da ya sa nake son matar nan?" in ji shi. "Shekara ashirin da biyar tana gaya min gaskiya, ko ina so ko ba na so. Siyasa kan sa mutum ya faɗi magana da zafi. Amma a wace ƙasa ce mai shago za ta tsaya ta wanke minista a gaban jama'a, kuma ya rungume ta? Wannan ita ce mazaɓarmu!"

Kafin ta ja da baya ya zagaye kafaɗarta da hannu ya matse. Ta ji ɗumin hammatarsa ta cikin riga, da warin turare gauraye da giya. Ɗakin ya ɗauki tafi, aka miƙe tsaye, mutane sun samu hanyar fita daga shirun da ya dame su. Har ɗaya daga cikin limaman yana tafi. Mai hoto ya durƙusa a gabansu yana ta ɗauka.

Ya sunkuyo kusa da kunnenta, murmushin na nan a fuskarsa, ya ce a hankali, "Kin yi kyau, Mama. Zauna yanzu."

Ba ta zauna ba. Ta sauka ta nufi ƙofa, Sherifa da Masawudu suka bi ta. A bakin titi ta cire mayafinta ta miƙa wa Sherifa da yatsa biyu.

"Sa shi a leda. Kada ya taɓa jakata."

Mako uku bayan haka aka sanar cewa Petherick zai bar kujerarsa, an ba shi muƙamin Lord, zai koma majalisar da ba a shiga da ƙuri'a. Jam'iyya ta tsayar da Juliana a zaɓen cike gurbi. Takardar kamfe ɗinta ta faɗo ta ramin wasiƙun gidan Amamata wata safiya. A gaban akwai hoton rungumar nan, an yanke shi ta yadda fuskar Amamata ta fito kamar mai jin kunyar yabo. A ƙasa an rubuta: mazaɓa ɗaya, iyali ɗaya.

Sherifa ta rubuta musu wasiƙa cewa a cire hoton. Aka amsa da ladabi cewa an riga an buga dubu arba'in, amma za a kiyaye nan gaba. Amamata ta ɗauki wayar Sherifa ta bi matan masallaci tana nuna musu bidiyon. Wasu sun yi tsaki, sun rantse ba za su fita ba. Wasu suka ce mata ai duk 'yan siyasa haka suke, kuma ko ba komai ya samo mata gida. Wata ma ta ce hoton ya yi kyau. Juliana ta ci zaɓen da ratar dubu huɗu. Amamata ba ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Ta je ta ba wani mai kantin magani da ya tsaya takara ƙuri'arta, ya zo na biyar.

Cikin kaka ta raka Masawudu wani asibitin ido a Marylebone, za a cire masa yanar ido. Suna zaune a ɗakin jira, talabijin na bango ta nuno Petherick cikin jar alkyabba mai farin gashi a wuya, yana rantsuwa, yana rusunawa. Matar da ke gefenta, wata Bakanuwa mai suna Hajiya Turai da suka gaisa ɗazu, ta zunguri hannunta.

"Wannan bawan Allah yana son mutanenmu. Maigidana ya ce ba shi da wariya ko kaɗan. An ce har rungumar matanmu yake a taro."

"Na ji an ce," in ji Amamata.

"Kin san shi ne?"

"Na san zaɓukansa."

Ta tashi ta koma kujerar da ke ƙarƙashin talabijin ɗin, inda ba a ganin komai sai bango da tukunyar fure. Hajiya Turai ta bi ta da kallo, ba ta gane ba. Can nas ta leƙo ta kira sunan Masawudu, Amamata ta ɗauki rigar sanyinsa, ta kama hannunsa suka shiga.