Tsohon Layin Ketura

Ketura Othniel ta dawo daga Khaddamari ranar Laraba ba tare da lambar da ta je nema ba. Ita ce sakatariyar wata ƙaramar makaranta a unguwar Lamisula cikin Maiduguri, kuma rajistar jarrabawar 'yan ajin ƙarshe a hannunta take. Ranar Juma'a hukumar jarrabawa za ta rufe shafinta. Duk ɗalibin da ba a tabbatar da sunansa ba kafin lokacin, sai baɗi.

Matsalar ta faro ne ranar Litinin, da makarantar ta sayi sabuwar kwamfuta. Shekaru ke nan Ketura ba ta rubuta kalmar sirri da hannunta ba. Burauzar tsohuwar kwamfutar, wato manhajar shiga intanet, ita ke riƙe da komai: ta buɗe shafin hukuma, ta tarar an cike mata gurbi da ɗigo-ɗigo, ta danna, ta shige. A ofishin cocin da ta koyi aiki kuwa, an horar da ita cewa ba a buɗe sabon fayil sai an rufe tsoho. Don haka kafin mai haɗa kwamfutar ya iso, ta fita daga asusunta na imel a tsohuwar. Da kwamfutar ta tambaye ta ko a share bayanan da ke ciki, ta amince, tunda ɗakin malamai za a kai na'urar.

Hamisu, mai gyaran kwamfuta daga Bulabulin, ya iso da jakarsa, ya kunna tsohuwar, ya daɗe yana kallon allon.

"Anti, wa ya taɓa wannan?"

"Ni na gyara maka ita. Na rufe komai."

"Kin gyara kam. Da kin bar ta yadda take, da filashi kawai zan kwashe komai in zuba a sabuwar." Ya juyo da sabuwar gabanta. "To, sa kalmar sirrinki. Kayanki suna cikin asusu, da kin shiga za su sauko."

Ta gwada sunan ɗiyarta Phebe. Ta gwada sunan garinsu a kudancin Borno, ta ƙara shekarar aurenta, ta cire. Ta tashi ta leƙa taga, ta dawo ta zauna, ta sake tashi. Hamisu ya ce ta nemi hukuma ta sake mata tata kalmar, sai ta tuna saƙon hukumar a wannan asusun zai faɗa.

"Saura hanya ɗaya," in ji shi. "Za su tura lamba ta waya. Wannan layin da ya ƙare da bakwai-biyu naki ne?"

Nata ne a da. Ya tafi da wayarta lokacin ambaliya, ita kuma ta ga dogon layin masu neman a dawo musu da nasu, ta sayi sabo a bakin hanya. Hamisu ya buga lambar. Abin mamaki, ta shiga. Muryar mace ce, da Hausa mai karin Barebari, ana jin ƙarar inji a bayanta.

"Hajiya, don Allah wani saƙo zai shigo wayarki yanzu, ki karanta mana lambar da ke ciki."

"Ka ji tsoron Allah," in ji matar, ta kashe.

Hamisu bai haƙura ba. Ya yi ta danna a sake turo lambar yana kira, ranar da washegari, har matar ta daina ɗauka. Ketura kuwa ta kasa zama wuri guda. Shugaban makaranta, Malam Nicodemus, ya leƙo ya tambayi rajista, ta ce ana kai. Iyaye biyu suka zo, su ma ta ce ana kai. Da yammar Talata ta kira layin da tata wayar, ba ta ambaci lamba ba. Ta gaishe da matar, ta tambayi gida da yara, ta ce tana so ta zo da ƙafarta. Matar ta ce sunanta Aisa, a tambayi injin shinkafa na bayan kasuwar Khaddamari.

Da safiyar Laraba Ketura ta sa sabuwar kwamfutar a jaka ta shiga mota. Ta tarar da Aisa tana shanya turararriyar shinkafa a kan tamfol, wayar ɗaure a haɓar zane.

"Wushe, Ya Aisa."

"Wushe. Ke ce mai lamba? Ina ɓarawon naki?"

"Ba ɓarawo ba ne, mai gyara ne."

"Duk haka suke cewa. Maƙwabciyata ma mai gyara ne ya kira ta." Ta miƙo mata tabarma da kofin ruwa. "A rediyo an faɗa, a masallaci an faɗa wa mazanmu. Ba a ba kowa lamba. Ku a cocinku ba a faɗa ba?"

"An faɗa. Ni na buga sanarwar ma."

Aisa ta yi dariya har ta saki muciyar da take baza shinkafa da ita. Ketura ta nuna mata katin aikinta, ta gaya mata yadda layin ya ɓace, da abin da zai sami yaran ranar Juma'a. Aisa ba ta kula katin ba. Tambayoyi ta yi: wace ce Salomi da ke kiran layin tana neman kuɗin ƙungiyar mata? Wane ne tsohon da ke kira kowace Kirsimeti yana magana da wani yare? Ketura ta amsa: ma'ajiyar zumuntar mata ce, shi kuma kawunta ne.

"Ashe ke ce kike hana ni sakat," in ji Aisa. Ta kwance haɓar zanen. "Zan riƙe wayata a hannuna. Ke ki duba da idonki, bakina ba zai karanta ba."

Ketura ta ɗora kwamfutar a cinya, ta haɗa ta da wayarta, ta jira shafin ya buɗe. Ta danna a turo lamba. Su biyun suka zuba wa ƙaramar wayar ido. Ba abin da ya shigo. A allon kwamfutar rubutu ya fito cewa an yi ƙoƙari da yawa, an dakatar da turo lamba, a sake gwadawa nan gaba. Ta danna kuma, rubutun bai canza ba. Ta kira Hamisu.

"Anti, kar ki ƙara taɓawa. Kowane danni ƙara tsawon hukuncin yake yi."

"Kai da ka kwana biyu kana danni?"

"Shi ya sa na sani."

"Zuwa yaushe zai buɗe?"

"Wani yini ɗaya, wani mako. Ba sa faɗa."

Ta zauna a tabarmar har rana ta take, tana buɗe kwamfutar tana rufewa, ba ta danna komai ba. Ta tambayi Aisa ko za ta ba ta aron layin zuwa Juma'a, ta bar mata tata wayar jingina. Aisa ta ce masu sayen shinkafarta da wannan layin suka san ta. Ta tambaya ko, yanzu da suka ga juna, za ta karanta mata in ta kira daga Maiduguri.

"Na ga fuskarki, Malama. A waya kuwa murya kawai zan ji. Ki dawo da kanki."

Ta raka Ketura har bakin titi, ta cusa mata ƙullin shinkafa a jaka. Sai da mota ta tsaya sannan Aisa ta tuna, ta gaya mata: gobe Alhamis mijinta Hashim zai kai kaya wani ƙauye a arewa, kuma idan zai yi tafiya shi ke riƙe wayar. Wani lokaci a ranar yake juyowa, wani lokaci sai ya sayar da kayan duka. Wannan karon bai faɗa ba.