Aron Hawaye

Tun kafin Malam Saifullah ya gama karanta shafin farko, mata uku a sahun gaba suka fara share ido da gefen mayafi. Malam Badaru yana ƙirga su daga kujerarsa, kowane ɗigon hawaye yana ƙona masa rai.

Su biyun malamai ne a wata sakandare da ke Sama Road. Shugabar makarantar ta sa kowannensu ya rubuta jan kunne kan yadda waya ke cinye mutane, a karanta wanda ya fi a taron iyaye. Badaru ya yi mako biyu a kan nasa. Ya zuba alƙaluma, ya jera tambayoyi masu kaifi irin su "Wa ke renon ɗanka, kai ko waya?", ya rufe da karin magana har uku. Shugaba ta ce ya yi kyau, irin "ya yi kyau" ɗin da ake ce wa mai talla idan ba za a saya ba. Ta ɗauki na Saifullah.

Shi kuwa Saifullah ba alƙaluma, ba tsawa. Da laifin kansa ya buɗe: "Ranar da mahaifiyata ta yi mini magana ta ƙarshe, idona yana kan waya. Na ce mata to, alhali ban ji abin da ta faɗa ba. Har gobe ban sani ba."

Mahaifiyar Saifullah kuwa ta rasu tun yana goye. Labarin na Badaru ne. Shi ne ya zauna gefen gadon Inna a asibiti bara yana bin gardamar ƙwallo a waya, shi ne ya ce to. Kuma shi da bakinsa ya gaya wa Saifullah, wata rana da abin ya yi masa nauyi.

Da safen ranar taron, bayan ya ga takardar, Badaru ya tare shi a ɗakin malamai.

"Labarina ne ka ɗauka, Malam."

"Ban kira sunanka ba," in ji Saifullah. "In kac ce ma mutane 'ku', toshe kunne su kai. In kac ce 'ni', sai su matso. Kai da kab bar shi cikin ciki, mi yat tsinana maka?"

Gaskiya ce, kuma ita ta fi ciwo. Badaru bai yaudari kansa ba, hassada ce tsagwaronta. Satar ba ta dame shi kamar yadda kayan satar suka yi wa ɓarawon kyau ba.

Saifullah ya kammala, zauren ya ɗauki tafi. Wani dattijo ya ce a buga takardar a raba wa masallatai. Nan Badaru ya yanke shawara: zai tashi ya faɗa wa kowa cewa ciwon nasa ne, yabon ma nasa ne. Shugaba ta tambaya ko akwai mai magana, ya dafa kujera ya fara miƙewa.

Wata murya daga ɓangaren mata ta riga shi. Yayarsa ce, Uwani, wadda 'yarta ke aji uku.

"Malam, Allah shi yafe maka," ta ce wa Saifullah. "Mu dai Allah ya rufa muna asiri. Da Innarmu za ta cika, ƙanena Badaru na gefenta, kunnenai buɗe. Shi ya kawo muna wasiyyarta, tac ce mu riƙe zumunci. Da maganag ga nike kwana, da ita nike tashi."

A bakin ƙofar asibiti Badaru ya ƙirƙiro wannan wasiyya, lokacin da Uwani ta riƙe shi tana kuka tana tambayar me Inna ta ce.

Duk zauren ya juyo gare shi. Saifullah ya dube shi ta saman takarda.

"Tashi su gan ka, ɗan albarka," in ji Uwani.

Ya ƙarasa miƙewa. Aka tafa masa, tafin da ya fi na Saifullah ƙarfi.