Abin da Sulaimanu Ya Faɗa wa Takarda

"Ba mai ɗaukar gawar nan sai akawu ya zo," in ji Ɗanmalam. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya baje hannuwa kamar mai tare awaki.

Tun hantsi aka yi wa Sulaimanu wanka aka sa shi a likkafani, kabarinsa yana jira a bayan unguwar Jambutu. Iyatu, tsohuwar da zana kaɗai ta raba gidanta da nasa, tana zaune kusa da 'yarsa Mairamu. Ita ta yi jinyarsa kwana tara. A kwana taran nan Ɗanmalam bai leƙo ko sau ɗaya ba, amma yau ya sha rawani yana gaya wa kowa cewa kakansu ɗaya da mamacin a Katsina.

Takarda ce ta kawo Ɗanmalam. A zamanin nan da Jamusawa ke riƙe da Garwa, wani kamfaninsu na bakin kogin Binuwai ya fito da ita don masu yi masa fatauci: mutum ya riƙa ba da wani abu duk shekara, ran da ya mutu a biya magajinsa. Sulaimanu ya ga abokan tafiyarsa biyu sun nufi Tibati da jakuna ba su dawo ba. Ga Mairamu mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, duk shi ke ci da su. Sai ya je ya zauna gaban akawu. Aka tambaye shi sunansa, da sunan ubansa, da inda aka haife shi, da alamar da ke jikinsa, aka ce masa in ƙarya ɗaya ta shiga ciki, ba za a biya ko anini ba.

Iyatu ta san amsar da ya bayar. Kwana biyu kafin ya cika, tana ba shi kunu, ya riƙe bakin ludayin ya ce, "Iya, na faɗa musu gaskiya. Shekara arba'in ban faɗa wa kowa ba, sai takarda."

Akawun ya iso da azahar, mutumin bakin teku ne, da Hausarsa ta kasuwa. Iyatu ta tashi da ƙyar ta tare shi.

"Ɗan nan, ka shiga ɗaki ka karanta wa 'yarsa ita kaɗai."

"Haba, Iya, koma cikin mata," in ji Ɗanmalam. "A karanta a gaban jama'a! Zuriyarmu ba ta da abin ɓoyewa."

Akawun ya buɗe takarda a tsakar gida, ya karanta yadda ake kiran kaya a kanti. Sulaimanu, wanda sunansa na fari Tizi. An haife shi a duwatsun arewa da Garwa. Mahara sun kama shi yana shekara bakwai, an sayar da shi sau biyu, wani Bakatsine ya musuluntar da shi, ya 'yanta shi. Alamar jiki, kunnuwa biyu a huje.

Mutanen da suka shekara talatin suna cin tuwon Sulaimanu, suna aron jakinsa, suna sa shi shaidar aurensu, suka fara duban juna kamar an yi musu sata. Wani ya ce a hankali, "Shi ya sa ba ya cire rawani." Wani kuma, wanda kakarsa a kasuwa aka sayo ta, kuma duk unguwa an sani, ya fi kowa girgiza kai.

"Wane ne ɗan'uwansa?" in ji akawu. "An ce mini yana da ɗan'uwa."

Aka juya ga Ɗanmalam. Ya yi gyaran murya.

"To, ai ɗan'uwa a Musulunci nake nufi."

"Da safe a Katsina kake," in ji Iyatu. "Ka yi saurin dawowa."

Ba wanda ya yi dariya. Akawun ya kira magajiya. Ya ce in mutumin da ke cikin takarda ubanta ne, ta faɗa a gaban shaidu, ta dangwala yatsa. In ba shi ba ne, ya naɗe ya tafi.

Ɗanmalam ya sunkuya wajen Mairamu. "Ki ce kuskure ne, 'yata. Ki tuna 'ya'yanki. Wa zai aure su?"

Iyatu ta dubi Mairamu, ta ga ashe ita ma yau ta fara ji. Mairamu ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin da ubanta ke kwance. Sannan ta ja mayafinta, ta miƙe.

"Babana ne," ta ce. "Kawo."

Akawun ya ce saura ya ga kunnuwan. Liman, tsoho ne mai sanda, ya taka ya tsaya a ƙofa.

"Ni na wanke shi, na gani. Ka rubuta sunana. Ba za a buɗe shi ba."

Mairamu ta dangwala yatsa. Kafin tawada ta bushe, wasu sun tuna suna da baƙi a gida, wasu shanunsu sun ɓalle. Ɗanmalam ne ya fara kaiwa zaure, har ya bar takalminsa ɗaya sai da ya dawo.

Mutum shida suka tsaya bayan liman sallar gawa. Da aka idar, huɗu suka ɗauki makara, biyu suna biye, suka fita ba hayaniya.

Iyatu ta zo naɗe tabarmin maza. Ƙoren furar sadaka suna jere a inuwa, an shanye su tas, har an lashe ludayi. Ta tattara su ɗaya cikin ɗaya, ta kai bakin randa. Mairamu ta zo ta tsuguna kusa da ita, ta sa hannu a ruwan, baƙin yatsanta yana wankewa kaɗan-kaɗan.