Jakin da Yaya Lawali ya bari

…kuma jakin ma ya hi ni sanin hanya. Ban ja shi ba, ban kora ba, shina tahiya garinmu Barmu kamar an rubuta mai a ƙafa. Ni ko, Alƙasum mai gyaran keke, mai bakin da ya kada malamai ukku a kasuwar Tawa, ga ni bisansa kamar buhun gero.

Shekara bakwai, ya Ubangiji. Tun ran da na bi Almasihu Baba ya ce kar inuwata ta sake taɓa dangarshi, shekara bakwai ina roƙonka ka buɗe mini ƙofar gidanmu. Ka buɗe. Shekaranjiya ka buɗe ta, da hantsi, sai ga Yaya Lawali tsaye ƙofar shagona da jakai biyu, leɓonshi ya tsattsage don ƙishi. Wa ke tahiya da jakai biyu, guda babu kaya babu mahayi? Yaro ma zai gane. Ni ban gane ba, don ni mai wayo ne.

Matata Rakia ta kawo ruwa. Ta taɓa mini hannu, ta ce a hankali in bari baƙo ya sha ya huta kamin magana. Matar da ba ta san harafi ko guda ba. Ni na koyi karatu bisa buhunnan siminti a Kumasi, babu lakkol babu malami, ni za a koya wa karɓar baƙo? A cikin zuciyata ma na ji ka, ban musu ba, na ji: yi shiru. Amma baki ya riga ya kwance. Na ce in gardama ta kawo shi, ga ni. Na zuba mai ayoyi kamar mai jifar kare. Shi ko ƙwarya na hannunshi… bai kai ta baki ba. Ɗan uwana ciki guda, ya taho tun daga Barmu, ya bar gidana bai sha ruwa ba.

Ya ɗaure jaki guda a turken shago. Ga Rakia ya juya, ba ga ni ba.

"Baba ba ya jin daɗin jikinshi. Ya ce a kawo Alƙasum."

Ba ya jin daɗi — mu mutanen Adar mun san abin da ake nuhi. Ba a aiko jaki don ciwon kai. Na sani! Amma na zauna ina saƙa: tarko ne, so suke su tara mini liman da dattawa a zaure in tuba gaban jama'a, na san halinsu, na ga duniya, ba a yi mini wanga wasa. Kwana biyu ina wayo. Ina duƙawa in yi addu'a, ina jin kana ce mini tashi, sai in ce bari in ƙara tunani. Jakin na kuka a turke, maƙwabta na kallo. Mai wa'azin bangaskiya a kasuwa… ashe kaina na ba gaskiya, kai kuwa na ajiye ka kamar ƙarfen da ban buƙata yau.

Baba da ya goya ni bisa wuya zuwa gonar fadama, ina riƙe da kunnuwanshi. Kwana biyu. Tsoho nawa ke da kwana biyu na jira?

Ga rumbunan garin. Ga tsamiyar ƙofar gidanmu, maza a ƙarƙashinta, tabarmi ukku, huɗu… Gaida maras lahiya ke tara mutane haka? Ko kuwa — a'a. Ban jin kuka. Ban jin ƙarar taɓarya ma. Ga kaina ya hwara kuma, yana son ya ƙidaya rawunna ya yanke hukunci tun daga nesa. Yi shiru, Alƙasum. Sau guda a rayuwarka.

Wani ya miƙe. Yaya Lawali ne. Shina tahowa, ban iya karanta huskarshi.

Ban sani ba, ya Yesu. Ban san komi ba. Ga ni bisa jakin… ka sauke ni kai.