Ƙofa Ta Biyu

Da jan fenti suka rubuta lamba 42 a jikin ƙofar shagon Sharfuddeen, ta zauren gidan kuwa 41. Amarya ta tsaya tana kallon rubutun, fentin bai ko bushe ba. Ta ba shekara sittin baya, amma duk unguwar nan ta gindin dutse a Kazaure ba wanda ya san ta da wani suna sai wanda aka laƙaba mata ranar da aka kawo ta.

Ƙaramar hukuma ce za ta jawo musu ruwan famfo, da sharaɗin masu gidaje su ɗauki rabin kuɗin bututu. Da aka rasa yadda za a raba, sai aka ce a ƙirga ƙofofin da ke kallon titi: kowace ƙofa kaso ɗaya, famfo ɗaya. Nan fa unguwa ta ɗauki zafi. Alhaji Maikasuwa, mai shaguna huɗu a jere, ya rantse ko kotu sai ya je. Shi ya tattara masu ƙorafi ranar Talata, ya sa Amarya a gaba, don ya san ta fi kowa ban tausayi.

Shagon mai lamba 42 na ɗanta Sharfuddeen ne, shi kaɗai Allah ya bar mata. Tallan ruwa yake yi a kura, har tafukan hannunsa suka yi kanta. Shekara tara ke nan da ya bi ta Babura ya tsallaka iyaka, ya ce Libiya za shi, ba zai dawo ba sai da kuɗin haƙa mata rijiyar burtsatse. Sau biyu ya bugo waya, daga nan shiru. Ba gawa, ba labari. Da dangi suka kawo maganar a yi masa sadaka, korar kare ta yi musu. Duk Juma'a sai ta buɗe shagon ta share, ta kakkaɓe tabarma, ta mayar da takalmansa inda ya bar su.

A ofis, jami'in ruwa Malam Muhammadu Lawal ya saurare su ɗaya bayan ɗaya.

"Iya, ke mene ne ƙorafinki?"

"Ranka ya daɗe, ni kaɗai ce a gidan, an rubuta mini kaso biyu. Da me zan biya? Da ƙuli-ƙulin da nake soyawa?"

"Ƙofa ta biyun fa, wa ke ciki?"

"Ba kowa."

Ta ji maganar kamar daga bakin wani ta fito. Shekara tara ba ta taɓa furta ta ba, ko a zuci. Tsoro ya kama ta.

"Mai ɗakin ya rasu ne?"

Maikasuwa ya yi caraf ya ce, "Kusan haka ne, ranka ya daɗe."

"To, ai da sauƙi," in ji jami'in. "A toshe ƙofar da bulo, in aiko a duba, shi ke nan an soke lambar." Ya kai biro kan takarda.

"Dakata, ɗan nan." Amarya ta ɗaga hannu. "Kar ka soke. In ya dawo ya tarar da bango, ta ina zai shiga?"

"Haba Amarya!" Maikasuwa ya zabura. "Ƙasa za ki watsa mana a ido?"

"Ku yi taku shari'ar, Alhaji. Ni ƙofa biyu gare ni."

Ranar kasuwa ta ba da akuyoyinta aka sayar, har da mai cikin.

Bayan wata huɗu ruwa ya iso. Bartholomew mai haɗa famfo ya kafa ɗaya a zaure, ɗaya a bakin shagon. Washegari da safe ta fito da tsintsiya, ta tarar da dokin ƙofar shagon a jiƙe, ruwa ya kwanta daidai inda Sharfuddeen kan tsuguna ya yi alwala kafin ya ɗauki kura. Ta san ɗigon famfon ne, ga shi tana gani yana sauka ɗaya-ɗaya. Duk da haka sai da ta taɓa kwaɗon ƙofar ta ji ko a rufe yake.

Da hantsi Bartholomew ya zo wucewa da jakar kayan aikinsa, ya hango.

"Mama, roba ce ba ta zauna ba. Yanzu zan gyara miki."

"Bar shi haka."

"Ruwa yana zuba a banza, Mama."

"Ba a banza ba ne, ɗan nan," ta ce. "Da mai shi."

Ta sunkuya ta ci gaba da shara, tana kewaye wurin da ya jiƙe.