Hannun Hagu na Gwaggo Dorilla

Kun ga Gwaggo Dorilla tana jan ƙafa a hanyar coci, kuka kau da kai. Maƙwabcinta Aurèle ya ga abin da ya fi haka.

Ana gobe za a buɗe kogi ga masu kamun kifi ya faɗo kicin ɗinta, ya zube ƙudajen fatsa a tebur. Shekara da shekaru ita ke ɗaura masa su, gashin tsuntsu da zare a kan ƙugiya, da su baƙin da yake yi wa jagora a kogi ke kama kifin samon.

"Gwaggo, dubi nan. Fiffike a karkace, zare na warwarewa. So kike kifi ya yi mini dariya?"

"Kifin ne ya kawo ƙara?" ta ce.

Harshenta ya yi nauyi, bakinta ya goce gefe. Hannunta na hagu na kwance a cinya kamar na aro. Da haƙori take jan zare.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya. Kwanciya na yi a kansa."

"Tashi mu je asibiti."

"Baƙinka su jefa wa kifi me gobe, hularka? Zo riƙe mini gashin nan, ragon banza."

Aurèle ya dubi makullin mota a hannunsa, ya dubi tulin da ya lalace. Ya ja kujera.

Yana riƙewa tana naɗawa, gashin kurege a sama, koren zare a gindi. Da suka gama ta ce ya tafi, yana tare mata haske.

Washegari yana cikin ruwa har ƙugu tare da wani baƙo matarsa ta kira shi daga gaɓa, ta faɗa masa Gwaggo ta rasu. Ya ce to. Baƙon ya tambaya ko a canja ƙuda, ya canja masa.

A wurin jana'iza maza suka soka ƙudajenta a huluna, suna cewa ba ta taɓa kukan ciwo ba. Wai yabo ne.

Da yamma Aurèle ya shiga kicin ɗinta don ya kashe mata fitilar tebur. Iskar ƙofa ta ɗaga ƙananan gasusuwa, suka sauka a kan takalminsa. Ya daɗe a tsaye.

Akwai irinta a layinku. Ku je yau ku ƙwanƙwasa. In kun ga baki ya goce, ku sa ta a mota ko tana zaginku.