Injin Inna Harira Bai Ɓata Ba

Inna Harira ta dafa kantar 'yan sanda da hannu biyu ta ce, "Maimaita mini abin da ka rubuta, ɗan nan. Ban yi boko ba, amma kunnena garau yake."

Kofur Bala ya cire hularsa ya ajiye a gefe, zafi ya ishe shi. Ya karanta: "Injin markaɗe ɗaya ya ɓata a Rigasa."

"Ya ɓata? Shi akuya ne? Ya tsinke igiya ya bi layin dogo?"

"Inna, ɓata da sata ai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne, kuma ta sani. Shekaranjiya da kunnenta ta ji a rediyo, wai an duba littattafan 'yan sanda, sata ta fi yawa a Malali, su unguwarsu lafiya lau. Shi ya sa aka ɗauke motar sintiri aka kai can. Su mutanen Malali ko guga aka ɗauke musu sai an rubuta sata. Nan kuwa keken ɗinkin Indo ya ɓata, janaretan masallaci ya ɓata, babur ɗin Nuhu ya ɓata. Abin da ya ɓata ba mai fita nemansa, sai dai a ce Allah ya bayyana. Injin nan shi ke ci da mutum bakwai a gidanta, aka ɓalle kwaɗo aka yi gaba da shi ranar Juma'a, liman na tsakar huɗuba.

"Goge ka sa sata."

"Ki yi haƙuri, Inna. In sata ta yi yawa a littafin nan, ni oga zai tsare da tambaya."

"Ya tsare ka mana! Ni wa ya tambaye ni kafin a ce unguwarmu lafiya?"

Waya ta yi ƙara, Kofur ya juya ya amsa. Da ya waiwayo, ba hula. Harira tana kan benci, ta gyara mayafi, ta harɗe hannuwa.

"Inna, hulata fa? Yanzu oga zai shigo!"

"Wayyo, ta ɓata? Allah ya bayyana."

"Kin zauna a kai, ga bakinta nan ina gani! A ofishin hukuma za ki yi mini sata?"

"Au, ashe ka san kalmar." Ta ƙara gyara zama. "Ɗauki biro. Injina tukuna, sai keken Indo."